Riƙon karnuka da kyanwoyi

Riƙon karnuka da kyanwoyi aikin sa-kai ne da mutum ke karɓar kare ko kyanwa da aka ceto ya ajiye a gidansa na wani lokaci, yana ciyarwa yana kulawa, har ranar da za a samu wanda zai ɗauki dabbar ta zama tasa, ko mai ita na asali ya samu halin karɓar abarsa. Dabbar ba ta mariƙin ba ce. Mallakar cibiyar ceton dabbobi ce ko ƙungiyar agajin da ta damƙa masa ita, kuma galibi ƙungiyar ce ke biyan kuɗin likita, ita ce kuma ke yanke shawarar gidan da dabbar za ta koma. Riƙon na iya zama na dare ɗaya, ko na makonni, ko na watanni.

Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da ƙasashen yammacin Turai. Cibiyoyin ceto suna dogara da shi ne saboda kejinsu da ma'aikatansu suna da iyaka, sannan akwai dabbobin da zaman cibiya ke yi wa illa, musamman jarirai marasa uwa, marasa lafiya da masu tsananin tsoro. Akwai ƙungiyoyi da yawa da ba su da gini ko ɗaya, duk dabbobin da ke hannunsu suna gidajen 'yan sa-kai ne.

Suna

Kalmar da ake amfani da ita a Turanci aro ce daga tsarin renon yaran da ke zaune a hannun wasu ba iyayensu ba. Ma'anarta ta yi daidai da riƙo a Hausa, kamar yadda ake cewa ɗan riƙo ko 'yar riƙo. Wanda ya karɓi dabbar shi ne mariƙi, mace kuma mariƙiya. Riƙo daban yake da ɗauka ta dindindin, wadda a cikinta dabbar ke komawa mallakar wanda ya ɗauka. Daban yake kuma da ajiyar dabbobi ta kasuwanci, inda mai dabba ke biyan kuɗi a kula masa da ita idan zai yi tafiya.

Tarihi

Ƙungiyoyin kare dabbobi na zamani sun samo asali ne a ƙarni na 19. An kafa ta farko da ta ɗore a Landan a shekarar 1824, kuma a 1840 Sarauniya Victoria ta ba ta izinin amfani da sunan sarauta, ta zama RSPCA. A shekarar 1860 Mary Tealby ta buɗe wani gida na wucin gadi domin ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa a unguwar Holloway. Gidan ya koma Battersea a 1871, ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, kuma yana aiki har yau. A Amurka, Henry Bergh ya kafa ASPCA a New York a 1866, sannan a 1869 Caroline Earle White da wasu mata suka kafa ƙungiyar da ta buɗe matsugunin dabbobi na farko a ƙasar, a birnin Philadelphia.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, yawancin matsugunan ƙananan hukumomi a Amurka suna ajiye dabba na 'yan kwanaki ne kawai, idan ba a zo nemanta ba a kashe ta. Jarirai masu shan nono su ne aka fi saurin kashewa, domin babu ma'aikacin da zai kwana yana shayar da su. Wannan ya fara sauyawa da bayyanar gwagwarmayar daina kashe dabbobin da za su iya rayuwa. A shekarar 1994 ƙungiyar SPCA ta San Francisco, ƙarƙashin jagorancin Richard Avanzino, ta ƙulla yarjejeniya da hukumar kula da dabbobi ta birnin cewa duk kare ko kyanwa mai lafiya za a nema masa gida. Birnin Austin na jihar Texas ya amince da irin wannan shiri a 2010, kuma a 2011 ya kai matsayin fitar da kashi 90 cikin 100 na dabbobin matsuguninsa da rai. A duka biranen biyu, gidajen mariƙa na cikin abubuwan da aka dogara da su. Shafin intanet na Petfinder, wanda aka buɗe a 1996, ya ƙara wa tsarin ƙarfi, domin ya bai wa ƙananan ƙungiyoyi marasa gini damar nuna hoton dabbar da ke gidan mariƙi ga masu nema a ko'ina.

Manyan bala'o'i ma sun bar tasirinsu. Guguwar Katrina ta watan Agustan 2005 ta raba dubban mutane a New Orleans da dabbobinsu, aka kwashe waɗanda aka ceto zuwa cibiyoyi da gidajen riƙo a jihohi daban-daban. Wasu daga cikinsu sun zama abin shari'a tsakanin masu su na asali da waɗanda suka karɓe su. A watan Oktoban 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa jihohi masu neman tallafin gaggawa na tarayya su sanya dabbobin gida cikin shirinsu na kwashe jama'a. A shekarar 2007 kuma hukumomi suka ƙwace karnuka kimanin hamsin daga wani gidan faɗan karnuka na ɗan wasan ƙwallon Amurka Michael Vick a jihar Virginia. Al'adar da aka saba ita ce a kashe irin waɗannan karnuka, amma a wannan karon an duba halin kowanne shi kaɗai. Guda 22 sun tafi matsugunin Best Friends da ke jihar Utah, wasu kuma aka raba su ga gidajen riƙo, kuma da dama daga cikinsu sun ƙare rayuwarsu a cikin iyalai. Sai kuma watan Maris na 2020, lokacin kullen annobar korona, da cibiyoyi suka rage ma'aikata suka nemi taimakon jama'a. Masu neman riƙo sun yi yawa har wasu cibiyoyin suka wayi gari babu dabba ko ɗaya a kejinsu.

Dabbobin da ake bayarwa riƙo

Jariran kyanwa da 'yan kwikwiyo su ne kan gaba, ko marayu ko tare da uwarsu. Garkuwar jikinsu ba ta yi ƙwari ba, kuma wurin da dabbobi suka yi cunkoso cuta ba ta wuyar yaɗuwa. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. A Turai da Arewacin Amurka haihuwar ta fi yawa daga wajen watan Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da rana ke tsawo, kuma a wannan tsakanin ne cibiyoyi suka fi matsuwa da neman mariƙa.

Sai dabbobi masu jinya: wadda aka yi wa tiyata, wadda ta karye, ko karen da ake yi wa maganin tsutsar zuciya, wanda dole a hana shi guje-guje na makonni. Akwai kuma masu tsoron mutane ko waɗanda hayaniyar cibiya ta firgita har suka daina cin abinci. Tsofaffin dabbobi da masu cutar da ba ta warkewa a kan ba su riƙo na ƙarshen rayuwa, inda mariƙi ke kula da su har ajalinsu. A Ingila da Wales, RSPCA na bayar da riƙon dabbobin da aka ƙwace daga hannun masu cutar da su, domin ba a iya mallaka su ga kowa sai kotu ta yanke hukunci, shari'a kuwa na iya ɗaukar watanni.

Wani rukunin kuma dabbobi ne da masu su ke nan amma suna cikin wani hali. Ƙungiyar Cinnamon Trust, wadda aka kafa a Birtaniya a 1985, tana samar da masu riƙe dabbobin tsofaffi idan an kwantar da su a asibiti. Ƙungiyar Dogs Trust ta fara shirinta na Freedom a 2004 domin waɗanda ke tsere wa cin zarafi a gida, kuma Cats Protection na da irinsa na kyanwoyi mai suna Lifeline. Dalilin shirin shi ne yawancin gidajen fakewa ba sa karɓar dabbobi, kuma wasu matan kan jinkirta tserewa saboda tsoron abin da za a yi wa dabbar idan suka bar ta. A irin wannan riƙon ana ɓoye wa mariƙi sunan mai dabbar, ana kuma ɓoye wa kowa inda dabbar take.

Yadda tsarin ke tafiya

Mai son riƙo yakan cike takardar neman shiga, inda zai bayyana irin gidansa, awannin da yake yi a waje, yara da dabbobin da ke gidan, da kuma izinin mai gida idan ɗan haya ne. Ƙungiyoyi da yawa suna aiko wakili ya duba gidan, ko su duba ta kiran bidiyo, sannan a ba shi ɗan horo. Bayan haka sai a sa hannu a yarjejeniya. Yarjejeniyar kan bayyana cewa dabbar ta ƙungiya ce, mariƙi ba shi da ikon sayarwa ko bayarwa kyauta, ba zai kai ta wurin wani likita ba sai da izini in ba a halin gaggawa ba, kuma zai mayar da ita duk lokacin da aka nema.

Kuɗin likita, allurar rigakafi, maganin ƙuma da kaska da tsutsar ciki, da aikin hana haihuwa galibi suna wuyan ƙungiya. Abinci, keji da yashin bayan gida na kyanwa kuwa ya danganta da ƙarfin ƙungiyar: manya suna bayarwa, ƙanana sukan roƙi mariƙi ya ɗauki nauyi. Ba a biyan mariƙi albashi. A Birtaniya masu riƙe kyanwoyin Cats Protection suna ware ɗaki guda ne a gidansu, ko kuma a kafa musu wani ɗan ɗaki na musamman a bayan gida.

A kwanakin farko ana son a bar dabbar a wuri ɗaya mai shiru, da ruwa da abinci da maɓoya, kada a matsa mata da taɓawa ko baƙi. Masu aikin ceto suna da wani ƙiyasi da suke yawan faɗa game da kare: kwana uku kafin ya huce daga firgici, mako uku kafin ya gane tsarin gidan, wata uku kafin ya saki jiki sosai. Ƙiyasi ne na gogewa, kuma kowace dabba da nata halin. Bayan ciyarwa da ba da magani, ana sa ran mariƙi ya koya wa kare yin bayan gida a waje da tafiya da igiya, ya ɗauki hotuna, ya kuma rubuta abin da ya lura da shi: ko dabbar na jituwa da yara, ko tana iya zama ita kaɗai, ko tana faɗa a kan abinci. Wannan bayanin shi ne ake dubawa wajen zaɓa mata gidan da ya dace.

Renon jariran kyanwa

Wannan shi ne riƙon da ya fi kowanne wahala, shi ne kuma ya fi ceton rai. Ana haihuwar jaririn kyanwa da nauyin gram 100 ko kusa da haka, idanunsa a rufe, kunnuwansa a toshe. Idanun kan buɗe tsakanin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu. A makonni ukun farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, don haka ana ajiye shi kusa da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul, tare da barin gefe guda da zai iya matsawa idan zafi ya yi masa yawa. Ba a shayar da jaririn da jikinsa ya yi sanyi sai an ɗumama shi a hankali, domin cikinsa ba ya narkar da madara a wannan halin.

A makonni biyun farko ana shayarwa duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, da ƙaramar fida ko sirinji. Madara ce ta musamman da aka haɗa domin kyanwa. Nonon saniya ba ya wadatar da shi, kuma yana sa shi gudawa, gudawa kuwa tana kashe jariri cikin ɗan lokaci. Ana shayar da shi yana kwance a kan cikinsa kamar yadda zai sha a jikin uwa. Idan aka rigingine shi kamar jaririn mutum, madara na iya shiga huhunsa. Bayan kowace shayarwa mariƙi kan shafa masa ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi domin ya yi fitsari da kashi, aikin da uwa ke yi da harshenta har ya kai mako uku ko huɗu. Ana ɗora shi a sikeli kullum. Lafiyayyen jariri kan ƙaru da kimanin gram 10 a rana, kuma tsayawar nauyi ita ce alamar ciwo ta farko da ake iya gani.

Ana fara yaye daga mako na huɗu ko na biyar. A cibiyoyin Amurka, idan ya kai mako takwas da nauyin kimanin gram 900, sai a yi masa aikin hana haihuwa a saka shi cikin jerin masu neman gida. Makonnin nan suna da muhimmanci ga halinsa ma. Bincike ya nuna cewa tsakanin mako na biyu da na bakwai ne kyanwa ke sabawa da mutane, kuma wadda ba a taɓa ta ba a wannan lokacin sabonta na yin wuya. Ga 'yan kwikwiyo, lokacin ya kama daga mako na uku zuwa na goma sha biyu, kamar yadda aikin John Paul Scott da John Fuller da aka wallafa a 1965 ya nuna. Ba'amurkiyar nan Hannah Shaw, wadda aka fi sani da Kitten Lady, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan ilimi ga jama'a ta bidiyo da littafinta na 2019.

Lafiya da kariya

Ana killace sabuwar dabba daga dabbobin gidan na kwana goma zuwa goma sha huɗu, kuma ana son dabbobin mariƙi su kasance da cikakken rigakafi. Cututtukan da aka fi tsoro su ne parvo a karnuka da takwararta a kyanwoyi, masu kawo amai da gudawa mai tsanani. Ƙwayarsu na iya yin watanni a ƙasa ko a jikin kaya, kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta, sai an haɗa da ruwan bilic da aka tsarma. Murar kyanwa da tarin karnuka su ma suna saurin yaɗuwa. Makero yana kama mutum daga dabba, haka ma wasu tsutsotsin ciki, don haka wanke hannu ya zama dole. Ana shawartar mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashe kashin kyanwa saboda cutar toxoplasmosis.

A ƙasashen da cutar haukan kare ke nan, haɗarin ya fi girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga karnuka suke kamuwa. Wanda dabbar da ba a san tarihinta ba ta ciza ko ta yakusa, abin da ake so shi ne ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nemi asibiti nan take.

Wasu abubuwan da ke cikin kowane gida guba ne ga dabbobi. Ƙwayar parasitamol ɗaya na iya kashe kyanwa, haka ma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin. Cakulan, inabi da albasa suna cutar da kare.

Bincike

A shekarar 2019 mujallar PeerJ ta wallafa wani bincike da Lisa Gunter da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Arizona suka gudanar a cibiyoyi biyar na Amurka. Sun gano cewa karnukan da aka fitar zuwa gidan mariƙi na dare ɗaya ko biyu, sinadarin kotizol mai nuna damuwa ya ragu a fitsarinsu, kuma sun fi samun hutu mai tsawo. Da suka koma cibiya sinadarin ya koma inda yake a da, bai wuce haka ba. Sakamakon ya rage fargabar da wasu ma'aikata ke da ita cewa fitar da kare a dawo da shi zai ƙara masa wahala.

Matsaloli

Rabuwa ita ce abin da ya fi yi wa mariƙa ciwo. Da yawa sukan kasa mayar da dabbar su ɗauke ta gaba ɗaya, abin da masu harkar ke kira da raha riƙon da ya gaza. Dabbar ta samu gida, amma sau da yawa ƙungiya ta yi asarar gurbi. Masu renon jarirai kuma suna fama da rashin barci da mutuwar wasu jariran duk da ƙoƙarin da aka yi, kuma gajiya kan sa wasu su daina.

Akwai kuma matsalar sa ido. Dabbobi a warwatse cikin gidaje ɗari sun fi wuyar bibiya fiye da waɗanda ke gini ɗaya. An sha samun mutanen da suka fara da niyyar ceto suka ƙare da tara dabbobin da suka fi ƙarfinsu, har yunwa da cuta suka kama su. Shi ya sa ƙungiyoyi masu tsari ke ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai riƙe. Saɓani kan taso idan mariƙi bai yarda da gidan da aka zaɓa ba, ko da shawarar likita ta a kawo ƙarshen wahalar dabba, ko idan kare ya ciji wani aka rasa wanda zai biya diyya. Ƙarancin gidajen haya da ke yarda da dabbobi, musamman manyan karnuka, shi ma yana rage yawan masu iya shiga.

Doka da haraji

A Ingila da Wales, Dokar Jin Daɗin Dabbobi ta 2006 ta ɗora alhaki a kan duk wanda dabba ke hannunsa, ko na dindindin ko na wucin gadi. Ta wajabta masa biyan buƙatu biyar: wurin zama da ya dace, abincin da ya dace, damar yin ɗabi'arta ta asali, zama tare da 'yan uwanta ko nesa da su gwargwadon buƙata, da kariya daga ciwo, rauni da cuta. A Amurka dokokin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma garuruwa da yawa suna ƙayyade yawan dabbobin da gida ɗaya zai ajiye. A shekarar 2011 Kotun Haraji ta Amurka, a shari'ar Van Dusen, ta yanke hukuncin cewa kuɗin da mariƙi ya kashe daga aljihunsa domin aikin ƙungiyar agaji mai rajista yana iya shiga cikin sadakar da ake cirewa kafin lissafin haraji. Sharaɗin shi ne ya ajiye shaidar kashewa, kuma duk kuɗin da ya kai dala 250 sai da takardar amincewa daga ƙungiyar.

Duba kuma

Kare
Kyanwa
Cutar haukan kare
Likitan dabbobi
Aikin sa-kai